Cinikin Ladan da Saudatu

Duk wanda ya saba bin titin da ya ratsa Tudun Wada ya miƙe Doguwa ya san tsibin itacen nan na hannun dama, kafin a kai injinan casar shinkafa. Na Ladan ne. Mutum ne dogo, baƙi, mai ɗan ranƙwafawa, ba ya rabo da wata shuɗiyar hula da rana ta cinye. Idan ka tsaya, zai amsa gaisuwa yadda ya kamata, ya tambayi iyali, ya faɗa maka kuɗin dami, daga nan kuma sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Baƙi kan ɗauka miskili ne. 'Yan gari kuwa sun san da ba haka yake ba.

Ba a Tudun Wada aka haife shi ba. Iyayensa na cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa daga ƙauyensu yana ɗan ƙarami. Abin da kawai yake iya tunawa shi ne an ɗora shi a kan jaki, bisa azarar da ubansa ya ciro daga rufin ɗakinsu. Gonar da suka samu a sabon wuri tsakuwa ce da marmara, ba ta kai gida daga kaka zuwa kaka. Sai uban ya kama sana'ar itace, ya shiga daji ya saro busassu, ya lafta wa jaki, ya kai kasuwa. A cikin wannan Ladan ya buɗe ido. Kafin gemu ya fito masa ya san marke shi ne sarki, ba ya hayaƙi, garwashinsa kuma ya daɗe bai mutu ba. Ya san ƙirya ta maƙera ce da masu gawayi, darbejiya kuwa idan ba ta bushe har ciki ba sai ta sa mace hawaye a bakin murhu. Itacen kuka kuwa ko kyauta ka bayar ba mai ɗauka.

Uban nasa kan ce kuɗin itace ba a bakin mai shi yake ba, a sararin sama yake. Da rani kowace mace tana da karan dawa da totuwar masara, ko kallonka ba a yi. Amma da zarar damina ta yi nisa, kara ya ƙare, komai ya jiƙe, sai ka ga ana sallama tun kafin ka gama karin kumallo. Saboda haka mai wayo da rani yake tarawa, ya lulluɓe, ya jira. Ya kuma koya masa cewa talaka ba ya yafe ƙarin kuɗin dami, amma idan ka zare sanda ɗaya ka ɗaure yadda aka saba, zai yi ɗan gunaguni ya ɗauka.

Da uban ya rasu, Ladan ya dawo cikin gari, ya auri Mariya, ya kafa tsibinsa a bakin titi. A wancan zamanin babu mai bakinsa a layin. Ciniki wurinsa wasa ne. Mace ta taya, ya dafe ƙirji ya ce, "Albarka! Hajiya, ko markena kika gani a mafarki?" Ta ƙara, ya ja, ta juya kamar za ta tafi, ya kira ta, a ƙarshe a rabu ana dariya, ya ɗora mata 'yan ƙirare gyara. Matan da ke turara shinkafa, waɗanda ake kira masu gumi, su ne manyan masu sayensa, don tukwanensu ba sa sauka daga kan wuta. Sai masu tsire, da masu ƙosai, da gidajen biki. Yana da mai faskare, wani dattijo Maikano, wanda tun zamanin ubansa suke tare, mutum ne da gatari ya fi bakinsa magana.

Sannu a hankali abin ya yi albarka. Ladan ya daina jiran jaki. Ya sayi wata tsohuwar akori-kura fara a hannun wani mutumin Kiru, ya koyi tuƙi da kansa a filin makaranta. Sai ya shiga sayen bishiya a tsaye. Manomi a Burumburum ko can wajen Doguwa zai kira shi ya ce ga wata da ke cinye masa gona da inuwa. Ladan ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa gindin ya ji ko da rami, ya ɗaga kai ya auna rassan da ido, ya san lodi nawa za ta yi. In an daidaita, ya nemi izinin malaman daji, ya kira mai injin yanka. Har gidajen burodi biyu ya samu a Bebeji, masu son manyan gungume, yana kai musu da kansa. Mariya ta haifa masa 'ya'ya mata uku, ya yi wa ɗakinta rufin kwano, ya sayi awaki. Ba a ce mai kuɗi ne ba, amma asirinsa a rufe yake.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce, da hantsi, an kwana ana ruwa. Ya yi lodin gungume zai kai Bebeji, lodi har ya fi kan motar tsawo, ya ɗaure da igiyar da ya saba ɗaurewa. A wata gangara ya faɗa ramin da ruwa ya rufe. Ya ji motar ta yi tsalle, ya ji wani abu ya tsinke, sannan ya ji ƙara a bayansa. Ya taka birki ya fito.

Gungume uku ne suka zubo. A bayansu ga babur kwance, ƙafarsa ta baya tana ta juyawa. Ga kuma Tasi'u mai kifi a gefen kwalta, ido a buɗe, takalmi ɗaya a ƙafa. Ɗan garinsu ne, yana sarin kifi a bakin ruwa ya kai ƙauyuka, Ladan ya sha sayen tarwaɗa a hannunsa. Kwandon ya kife, kifi ya warwatsu a titi, wasu har suna motsi.

Waɗanda suka fara isowa sun ce sun tarar da Ladan a tsugune, yana tsince kifin ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa cikin kwando. Sai da wani ya kama hannunsa ya ce, "Bawan Allah, bar kifin nan," sannan ya bari. Aka sa Tasi'u a wata mota, amma kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Da ƙafarsa Ladan ya kai kansa ofishin 'yan sanda. Aka ba shi benci ya zauna. Yana nan zaune har aka yi jana'iza aka dawo. Bayan la'asar sai ga Mahmudu, yayan marigayin, tare da limamin unguwarsu, ƙasar maƙabarta ba ta ma bar ƙafafunsu ba. Mahmudu ya gaya wa jami'in cewa su sun yafe, ba sa neman komai, ƙaddara ce ta riga fata. Aka yi 'yan rubuce-rubuce, aka ce Ladan ya tashi.

Bai tashi ba. Ya dubi Mahmudu ya ce, "Malam Mahmudu, igiyar nan ta tsufa. Na ga ta fara zarewa. Cewa na yi sai ranar kasuwa in sayi sabuwa."

Mahmudu ya goge idonsa da bakin riga ya ce, "Haba Ladan. Igiya ba ta kashe wanda kwanansa bai ƙare ba. Tashi mu tafi, iyalinka na can hankali a tashe."

A gida ya tarar da Mariya ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ta kawo masa tuwo tana cewa ta san ba zai iya ci ba, amma ya daure ya taɓa. Ya wanke hannu ya cinye tas. Ya kwanta ya yi barci har asuba. Da safe ya tafi gidan makoki ya zauna a bakin tabarma, mutane na zuwa suna yi wa Mahmudu gaisuwa, wasu su juyo su yi masa shi ma, suna ba shi haƙuri. Yana amsawa. Yana ta jiran wani abu ya taso masa daga ciki, ko kuka, ko tsoro, ko kunya, amma babu abin da ya taso. Ji ya yi kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka mintsine ta ka ga alamar farce, amma ba ka ji zafi ba.

Liman ya kira shi gefe ya ce ko da an yafe diyya, akwai azumin kaffara a kansa. Ladan ya ce to. Ya ɗauka washegari, ya yi shi a jere har ya kammala, bai sha ko ɗaya ba. Mariya ce ma take tuna masa an kira magariba, don shi yunwar ba ta dame shi ba.

Motar kuwa, wani ne ya tuƙo ta ya ajiye a ƙofar gida, nan ta tsaya. Tayoyi suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin ƙwai. Masu burodin Bebeji suka aiko sau biyu, da suka ji shiru suka nemi wani. Daga baya wani bakanike ya zo ya taya, tayin da ko kuɗin ƙarfen bai kai ba, Ladan ya ce ya sallama. Tun daga nan Ladan bai ƙara zuwa sayen bishiya ba. Sai ya koma sari a hannun masu manyan motoci da ke saukowa daga kudu, su juye masa, Maikano ya faskara, shi ya ɗaure dami. Ya sayi kura ta hannu, ita yake turawa ya kai wa masu saye har gida. Ciniki kuma ya zama magana biyu. Ya faɗi kuɗi, in an ba shi ya karɓa, in an rage ya karɓa. Gyaran da yake yi da wasa da dariya, yanzu sai mai saye ya ɗiba da kansa.

Matar Tasi'u sunanta Saudatu. Mace ce gajera, kakkaura, mai ɗan kaifin harshe, ita ma gumi take yi, amma da can wurin wani take sayen itace. 'Yarta ɗaya da ta rayu, Ramla, lokacin tana makarantar sakandare. Tana cikin takaba Ladan ya tura kura cike da marke ya juye a ƙofar gidan, bai yi sallama ba ya juyo. Mahmudu ya karɓa a matsayin sadaka, aka yi ta dafa wa baƙi abinci da shi. Da ta fita takaba, Ladan ya ji labarin ta sake ɗora tukwane, sai ya sake kai wani lodin. Wannan karon bai kwana ba. Da yamma ya ga wasu 'yan dako biyu sun turo shi a baro, suka juye masa a gaban tsibi, suka ce matar gidan ta ce a dawo da shi, ita ta biya su ladan dakon.

Washegari da hantsi sai ga ta da kanta, cikin baƙin hijabi. Wannan ne karo na farko da suka haɗa ido tun da abin ya faru. Ta gaishe shi, ya amsa, ta gaida Maikano. Sannan ta zagaya tsibin kamar kowace mai saye, ta ɗaga wannan ta ji nauyinsa, ta buga wancan da ƙasa ta ji ƙararsa.

Ta ce, "Malam Ladan, cikin kura na marken nan nawa?"

Ya ce, "Maman Ramla, ki ɗauka kawai."

"Ban zo ɗauka ba. Saye na zo yi. Nawa?"

"Duk abin da kika bayar."

Ta dube shi na ɗan lokaci. Sai ta taya, tayin da ko ƙirare ba za a ba mutum a kansa ba.

Ya ce, "Na sallama."

Maikano ya dakata da faskare. Saudatu ta matso kusa, ta rage murya don kada masu wucewa su ji. Ta ce, "Da Uwani maƙwabciyata ce ta yi maka wannan tayin, me za ka ce mata?"

Ya sunkuya ya ci gaba da ɗaure dami.

"Tambayarka nake, Malam Ladan."

Ya ce, "Albarka zan ce."

"To ka ce mini albarka. Ni ba musakiya ba ce. Mijina ne ya mutu, hannuna bai mutu ba. In kana kawo mini itace kyauta, duk wutar da na hura sai na tuna dalilinta. Ka bar ni in hura wutata."

Ladan ya sunkuyar da kai yana kallon ɓawon itacen da ke ƙasa. Can ya ce, "Albarka," da wata murya kamar ba tasa ba.

Ta ƙara. Ya ce albarka. Ta ce marken ai ba shi da kauri, ya ce na bara ne, ya bushe har zuciya. Suka ja, suka daidaita a kan abin da kowa ke saye. Ta kwance bakin zane ta biya, ta ce ya kai mata kafin azahar, kuma kada ya manta da gyara.

Shi ke nan, ta zama mai sayensa. Mutane sun yi ta mamaki, wasu suka ce ƙarfin hali ne, wasu suka ce tawakkali. Ita dai ba ta yi wa kowa bayani ba. Da Uwani ta matsa mata, cewa ta yi itacensa ya fi bushewa. Duk jajibirin kasuwa Ladan zai cika kura ya tura ta lungunan unguwarsu, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya ji muryarta daga ciki ta ce a shigo. A zaure babur ɗin Tasi'u yake jingine, ƙahonsa a lanƙwashe, an yafa masa tsohuwar tabarma. Dole sai Ladan ya karkata jiki kafin ya wuce shi da rungumar itace. Ya shiga, ya fita, ya shiga, ya fita, ya jera a jikin garu kusa da rabin durom ɗin da take turara shinkafa a ciki. Tsakar gidan kullum cike da tururi da warin jiƙaƙƙiyar shinkafa shanshera, ga shanya a kan leda ko'ina, sai ya riƙa taka gefe-gefe. Ta kan duba itacen, ta ce wannan karon ƙanana sun yi yawa, ko ta ce an gode. Idan damina ta kama ya ce ya tashi, ta ce kullum haka kuke cewa, su ja kaɗan. Sunan Tasi'u bai taɓa fitowa daga bakin ɗayansu ba.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ladan ya aurar da 'yarsa ta fari, Fa'iza, ga wani Surajo mai gyaran babur. Ranar ɗaurin auren ya zauna cikin mutane da babbar riga, ana yi masa murna yana cewa madalla. Aka haifa masa jika, aka miƙo masa, ya karɓa ya yi addu'a ya mayar. Mariya ta kai shi wurin malamai, aka yi rubutu ya sha, ta kai shi asibiti, aka auna jini aka ce lafiyarsa ƙalau. Ba ya faɗa, ba ya fashin salla, ba ya hana ta komai. Wata rana ta ce masa, "Malam, da ma zagina kake yi, da na san da mutum nake zaune." Ya ce ta yi haƙuri. Ta ce ai haƙurin take yi.

Sau ɗaya ne Mariya ta ga kamar zai dawo. Wata damina ce mai yawan ruwa, tampol ɗin da ke rufe tsibin ya yage, Maikano kuma na kwance da zazzaɓi. Marke ya yi wuya, motoci ba sa iya shiga daji. Saudatu ta ce ya kawo mata mai sauƙi, sai ya kai mata darbejiya, waje a bushe, ashe ciki ɗanye shar. Wuta ta ƙi ci, shinkafar ba ta turaru yadda ya kamata ba, da aka kai inji sai ta kakkarye. Tun daga nesa aka jiyo muryarta.

"Malam Ladan! Wannan itace ka kawo mini ko rake? Wuni na yi ina fifita, idona kamar zai faɗo. Buhu guda ka ɓata mini, ga mai shinkafa can yana jira!"

Masu shayi da 'yan acaɓa suka juyo. Ladan ya miƙe tsaye, kafin ya ankara ya ji bakinsa na cewa, "Ai ke kika ce mai sauƙi! Wa ya taɓa sayen darbejiya a tsakiyar damina ya ce ta yi masa aikin marke? In araha kike so, ai kin ga araha!"

"Araha na ce, ban ce ruwa ba!"

"To ni na yi ruwan?"

Ta tsaya tana haki, shi ma yana haki. Wani ɗan acaɓa ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Ladan ya juya ya shiga can ƙarƙashin tsibi, inda ya ɓoye ɗan ragowar marke, ya cika kura. Ta ce wannan kam za ta karɓa ba ko kwabo, don haƙƙinta ne. Ya ce ai bai ce ta biya ba.

Da ya koma gida ranar, ya kai loma biyu ya ce, "Mariya, miyar nan ba gishiri." Ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsa. Shekara da shekaru bai ce abinci ya yi daɗi ko bai yi ba. Ta miƙo masa gishirin, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Amma da gari ya waye, ya tashi yadda ya saba tashi, ya sa hularsa ya fita. Abin ya koma inda yake.

Daga baya sana'ar gumi ta fara ja da baya. Manyan injina suka zo masu turara shinkafa da kansu, waɗansu matan kuma suka koma hura wuta da ɓuntun shinkafa. Saudatu ta rage tukwane, lodin kura ya koma rabi. Hayaƙi ya ci mata ido, har ta kai sai ta shafa itace da hannu take sanin irinsa. Ramla ta gama makaranta, ta yi aure a Bebeji. Babur ɗin ma wata rana Ladan ya zo ya tarar babu shi a zaure, sai tabon baƙin mai a ƙasa. Bai tambaya ba.

Wani jajibirin kasuwa ya gama jera itace zai fita, sai ta ce, "Malam Ladan, mako mai zuwa kada ka kawo."

Ya ce, "To."

"Ramla ta matsa in koma wurinta. Idon nan ya ƙi. Sun ce sai an yi aiki."

"Allah ya sawwaƙe, ya ba da lafiya."

"Amin." Tana zaune a kan turmi, tana juya shanya da ƙafa. Ya ɗauka ta gama, har ya kai bakin zaure, sai ta ce, "Ka san ni ba wanda ya tambaye ni?"

Ya tsaya.

"Yafewar nan. Yaya Mahmudu ne ya je ya yafe. Ina ɗaki aka zo aka gaya mini an yafe. Na daɗe ina so in tsane ka, wallahi na yi ƙoƙari. Shi ya sa na ce gara in riƙa ganinka, ko abin zai zo. Kullum ka shigo sai in ga mutum ne kawai ɗauke da itace."

Ladan ya ce, "To yanzu fa, Maman Ramla?"

Ta ce, "Yanzu na gaji. Je ka, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya ce amin. Ya kama kurarsa ya tura ta cikin lungu, wayam, tana ƙara a kan duwatsu. A hanya mai tsire ya tare shi ya ce gobe yana son dami huɗu, ya ce Allah ya kai mu. Ya isa tsibi ya jingine kurar, ya sha ruwa, ya zauna ya ci gaba da ɗaurin da ya bari.

Maikano ya rasu a shekarar da ta biyo. Ladan ya yi masa wanka da hannunsa, ya ajiye gatarinsa a bayan ƙofa. Ƙarfin tura kura ma ya fara gagararsa, gwiwa ta ƙi. Sai Surajo, mijin Fa'iza, ya bar gyaran babur ya shigo sana'ar. Ya sayi kurkura mai ƙafa uku, ya rubuta lambar wayarsa a jikin wani allo ya kafa a bakin titi. Yanzu ta waya ake kira, Surajo ya loda ya kai har Kiru. Ladan nasa shi ne zama da ɗaurin dami da faɗin kuɗi, don har yau in ya ɗaga gungume ya san abin da zai yi, ba ya kuskure.

Mahmudu kan tsaya wani lokaci in ya dawo daga gona, su gaisa. Shi ne ya gaya masa an yi wa Saudatu aiki, ido ɗaya ya buɗe, ɗayan kuwa sai haƙuri, tana can tana renon jikoki. Ladan ya ce alhamdulillahi, a gaishe ta.

Kwanan baya Surajo ya zo ya tsuguna gabansa, ya cire hula yana murzawa. Ya ce, "Baba, wata shawara ce. Itacen nan kullum nisa yake ƙarawa, masu mota sun ce sai sun wuce inda suka saba kafin su samu. Matan cikin gari kuma duk sun koma gawayi, masu hali sun sayi gas. Na ce ko mu rage tsibin nan, mu sa buhunan gawayi a gefe, in Allah ya hore mu nemi shago."

Ladan ya dubi tsibin daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce, "Yadda ka gani."

"A'a Baba, wurinka ne. In ba ka so, a bari."

"Ban ce ba na so ba."

Surajo ya jira ko zai ƙara wani abu. Ladan ya jawo igiyar kaba, ya tattara sanduna a gabansa, ya taka su da ƙafa ya ɗaure. Sannan ya ce a bari itacen da ke ƙasa ya ƙare tukuna, kada a bar shi gara ta ci.